Masu Awon Dutse

1. Buhun siminti

Kowa ya san siminti. Da shi ake gina aji da asibiti. Da shi ake ɗaure rijiya don kada ta rufta. Da shi aka yi manyan hanyoyin ruwa na gandun noman rani na Ƙonni, da gadojin da ke bisa hanyar kwalta. Magini yakan yanka buhu, ya zazzage bisa rairayi, ya kwaɓa da ruwa, ya buga bulo. Ba ya tsayawa tambayar ko garin da ke cikin buhun mai kyau ne. Ya yarda da shi.

Amma ido ba ya bambanta siminti mai kyau da marar kyau. Duka biyun gari ne mai laushi, mai launin toka. Sai bayan wata shida ko shekara guda, ran da bango ya tsage ko rufi ya fara zuba, ake gane wanda aka saya. Ran nan kuwa aikin gama ya gama. Kuɗi sun tafi, wani lokaci har da rai.

Saboda haka kowace ma'aikatar siminti tana da wani ɗaki na musamman. Ana ce masa ɗakin bincike, ma'aikata kuwa suna ce masa labo. Mutanen wannan ɗaki ba su fasa dutse, ba su hura wuta, ba su ɗaukar buhu. Aikinsu awo ne. In suka ce siminti bai yi ba, ba shi fita ƙofa. A cikin wannan darasi za mu ga abin da suke aunawa, da karatun da suka yi, da abin da suke nema su gano, da abin da masana irinsu suke yi in sun tashi daga aiki.

2. Ilimin sinadaran ma'adinai

Fiye da shekara dubu da suka wuce, an yi wani likita a ƙasar Farisa mai suna Abubakar al-Razi. Ya rasu wajen shekara ta 925. Ya duba abubuwan da yake haɗa magani da su, ya kasa su gida uku: na ƙasa, na tsiro, da na dabba. Gishiri da ƙarfe da dutse na ƙasa ne. Ƙaro da mai na tsiro ne. Madara da gashi na dabba ne.

Har yanzu ilimin sinadarai yana da manyan rassa masu kama da wannan rabo. Reshe ɗaya yana duban abubuwan da aka gina bisa kabon, irin su sukari da mai da fetur. Ɗaya reshen yana duban gishiri da kanwa da ƙarfe da yumɓu da dutse. Wannan na biyu shi ne ilimin sinadaran ma'adinai, kuma shi ne ilimin mutanen labo.

Masana sun gano cewa duk abin da muke gani an haɗa shi ne daga wasu sinadarai na asali. Yau an san guda 118. Kamar haruffa suke. Haruffa kaɗan ne, amma kalmomin da ake haɗawa da su ba su ƙidayuwa. Gishirin miya haɗin asali biyu ne, sodiyam da kulorin. Tsatsa haɗin ƙarfe ne da iskar oksijin. Dutsen farar ƙasa haɗin uku ne: kalsiyam da kabon da oksijin.

Kakanninmu sun yi aiki da wannan ilimi tun ba a rubuta shi ba. Uwa ta san in ta jefa kanwa cikin wake zai yi saurin nuna. Marini ya san toka ce ke tayar da baba a cikin karofi. Maƙeran da suka narkar da tama sun san dutsen da ke ba da ƙarfe. Abin da mai labo ya ƙara shi ne ma'auni da alƙalami. Ba ya cewa "kaɗan" ko "da yawa". Yakan faɗi giram nawa ne, ya rubuta, don wani ya sake aunawa ya gani ko gaskiya ne.

3. Dutsen Adar

Malbaza tana gabas da Birnin Ƙonni, bisa babbar hanyar da ta nufi Madawa da Maraɗi. Me ya sa aka kafa ma'aikatar siminti a can, ba a Yamai ba? Amsar tana ƙarƙashin ƙasa.

Masana ilimin duwatsu sun nuna cewa wajen shekara miliyan 60 da suka wuce, teku ta rufe ƙasar Adar da ƙasar Sakkwato. Ƙananan halittu masu ɓawo sun rayu cikin wannan ruwa. In sun mutu, ɓawonsu ya kwanta a ƙasa, wani bisa wani. Da teku ta janye, ɓawon ya riga ya danƙare ya zama dutse. Shi ne dutsen farar ƙasa. Wanda ya duba da kyau a wuraren da ake fasa shi zai ga siffar katantanwa da ta wasu halittun ruwa a jikinsa.

Tudun Adar yana da yumɓu kuma. Yana da wani dutse mai sheƙi, mai taushi, wanda farce ke iya kartarsa, ana ce masa jibsi. Mutanen ƙauyuka sun daɗe suna tono shi da hannu suna sayarwa. Waɗannan uku, farar ƙasa da yumɓu da jibsi, su ne kayan haɗin siminti. Dutse kuwa abu ne mai nauyi. Ya fi sauƙi a kai ma'aikata wurin dutse da a kai dutse wurin ma'aikata.

Ma'aikatar farko ta Malbaza ta fara aiki a 1966. Ƙarfinta wajen tan dubu 40 ne a shekara. Shekara guda bayan haka, a 1967, ta Kalambaina kusa da Sakkwato ta fara nata aiki, bisa irin wannan dutse. Iyaka ta raba ƙasashen biyu, amma shimfiɗar dutsen ɗaya ce. A ƙarshen 2018 wata sabuwar ma'aikata ta fara fitar da siminti a Malbaza. An gina ta don ta iya yin tan dubu 650 a shekara.

4. Daga dutse zuwa gari

Da farko ana fasa dutsen, a kai shi injin da ke farfasa shi. Sannan a haɗa shi da yumɓu: wajen kashi 80 cikin ɗari dutse, kashi 20 yumɓu. A niƙa haɗin ya zama gari.

Garin yana shiga tanderu. Wannan tanderu doguwar ganga ce ta ƙarfe, a kwance, tana juyawa sannu sannu dare da rana. Ruwa yana tafasa a digiri 100. Tukunyar alminiyam tana narkewa a digiri 660. Cikin tanderun siminti kuwa kayan suna kai digiri 1450.

Abu biyu ke faruwa a ciki. Wajen digiri 900, dutsen farar ƙasa yana rabuwa biyu. Iskar kabon ta fita ta tashi sama, ƙonanniyar farar ƙasa ta rage. In dutsen tsantsa ne, kilo 100 yana ba da kilo 56 na ƙonanniyar farar ƙasa da kilo 44 na iska. Da wuta ta ƙaru, sai ƙonanniyar farar ƙasa ta haɗu da sinadaran yumɓu. Abin da ke fitowa ƙananan dunƙule-dunƙule ne masu tauri kamar tsakuwa. Sunansu kilinka.

Daga ƙarshe a niƙa kilinka tare da jibsi kaɗan, kashi 3 zuwa 5 cikin ɗari. Jibsi shi ne linzamin siminti. In babu shi, kwaɓi zai daskare cikin ƴan mintoci, tun magini bai kai shi bakin bango ba. In ya yi yawa kuma, ginin zai kumbura daga baya ya tsage.

5. Mutanen labo

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A ɗakin bincike na ma'aikatar siminti, aiki yakan rabu kamar haka.

Mai ɗebo samfur. Shi ne farkon sarƙa. Yakan je wurin fasa dutse, da bakin injin niƙa, da bakin tanderu, ya ɗebo kaɗan daga kowane wuri, a kan lokaci. Aikin yana kama da mai sauƙi, amma ba haka yake ba. Mai sayen gero ba ya duban saman buhu kawai, yakan cusa hannu har ciki. Haka shi ma. In ya ɗebo daga gefe guda, duk awon da za a yi bayansa ya zama banza.

Mai awon sinadari. Shi ke faɗin abin da ke cikin samfur. A cikin kilinka mai kyau, ƙonanniyar farar ƙasa takan kai wajen kashi 65 cikin ɗari, silika wajen 21, alumina wajen 5, tsatsar ƙarfe wajen 3. Dutse ba ya zama iri ɗaya daga wannan rami zuwa wancan. Shi ya sa ake awo kullum, a gaya wa masu niƙa su ƙara wannan ko su rage wancan. A dā sai an narkar da samfur cikin asid, a tace, a ƙona, a auna, aikin ya ci sa'o'i. Ma'aikatun zamani suna da na'ura mai haska samfur da hasken nan da ake ɗaukar hoton ƙashi da shi a asibiti, ta ba da amsa cikin mintoci. Duk da haka sai mutum ya san tsohuwar hanya, don da ita ake gane ran da na'ura ta yi ƙarya.

Akwai awo ɗaya da ba a wasa da shi. Wani lokaci ƙonanniyar farar ƙasa ba ta gama haɗuwa da yumɓu a cikin tanderu. Wadda ta rage tana shan ruwa a hankali cikin bango, tana kumbura, har bangon ya tsage. In mai awo ya ga ta yi yawa, yakan sanar da mai tanderu nan take.

Mai gwajin ƙarfi. Yana da wata allura da yake saukarwa cikin kwaɓin siminti don ya ga lokacin da ya fara daskarewa. Allurar tana ɗauke da sunan Luwi Bika, injiniyan Faransa da ya bayyana sirrin farar ƙasa mai daskarewa cikin ruwa a 1817. Simintin gini na yau da kullum bai kamata ya fara daskarewa kafin sa'a guda ba.

Bayan haka yakan auna giram 450 na siminti, giram 1350 na rairayi, giram 225 na ruwa. Ya kwaɓa, ya zuba cikin ƙananan ma'aunai, ya fitar da ƴan sanduna masu tsawon santimita 16, faɗi 4, kauri 4. Ya ajiye su cikin ruwa mai digiri 20. Wasu ya fasa su bayan kwana 2, wasu bayan kwana 7, wasu bayan kwana 28, da injin matsi. Lambar da kuke gani a jikin buhu, 32,5 ko 42,5, daga wannan gwaji ta fito. Siminti mai lamba 32,5 ya kamata ɗan sandansa ya jure nauyin da ya fi tan 5 bisa wuri mai santimita 4 sau 4. Wannan ya fi nauyin buhu 100 na siminti.

Shugaban labo. Shi ko ita ke duban dukan littattafan awo, ya sa hannu. Babban nauyi yana wuyansa. Akwai ranar da motoci ke jere a ƙofa, ƴan kasuwa suna jira, amma lamba ba ta cika ba. Ran nan dole ya ce a tsaya. Ilimi kawai bai isa wannan kujera ba, sai da gaskiya da ƙarfin zuciya. Lambar ƙarya guda a littafin labo tana iya zama rufin aji a kan yara sittin.

6. Hanyar karatu

Duk waɗannan mutane daga aji irin naku suka fara. Makarantar firamare shekara 6 ce. Kwaleji shekara 4, a ƙarshenta a yi jarrabawar BEPC. Daga nan hanya ta rabu.

Wasu sukan shiga makarantar fasaha, kamar lise na fasaha na Ɗan Kasawa a Maraɗi, ko makarantar ma'adinai ta Ayar da ke Agadas. Daga irin waɗannan makarantu ake samun ƙwararrun ma'aikata masu aiki da na'ura.

Wasu sukan yi lise shekara 3 a sashen kimiyya, C ko D, su ci jarrabawar bak. Sannan su nufi jami'a. Jami'ar Yamai da ta Maraɗi duk suna koyar da ilimin sinadarai. A Yamai akwai kuma makarantar EMIG, mai horar da injiniyoyin ma'adinai da masana'antu. Wasu ƴan yankinmu sukan ƙetare iyaka zuwa jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato, wadda aka kafa a 1975, ko ta Ahmadu Bello a Zariya, wadda aka kafa a 1962. A jami'a, digirin farko shekara 3 ne a ƙasarmu, na biyu shekara 2, na dokta shekara 3 ko fiye.

Hanyar doguwa ce, amma ƴan ƙasarmu sun bi ta tun tana da ƙaya. Abdu Mumuni an haife shi a Tasawa a 1929. Ya yi karatun kimiyyar lissafi da ƙarfin halitta a Faris. Daga 1969 ya shugabanci ofishin binciken hasken rana na Nijar, inda aka ƙera na'urorin dafa ruwa da zafin rana. A 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya nemi a koyar da yara da harsunansu. Ya rasu a 1991, kuma jami'ar Yamai tana ɗauke da sunansa tun 1992.

Ɗan Dikko Ɗan Kulodo an haife shi a Maraɗi a 1934. Ya karanci ilimin sinadarai a Faransa, ya koyar da shi a jami'a. Ya riƙe ministan ilimi daga 1972 zuwa 1974. A cikin wannan lokaci, a 1973, aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram. Jami'ar Maraɗi, wadda aka kafa a 2010, tana ɗauke da sunansa.

Wannan hanya ba ta maza kaɗai ba ce. Mari Kuri an haife ta a Warso, ƙasar Folan, a 1867, lokacin da jami'ar garinsu ba ta karɓar mata. Ta yi shekaru tana koyar da ƴaƴan masu hali a gidajensu, tana tara kuɗi. A 1891 ta tafi Faris. A 1898 ita da mijinta suka gano sinadarai biyu na asali, foloniyam da radiyam. Ta dafa tan-tan na baƙin dutse cikin wata rumfa, kafin a 1902 ta sami kashi ɗaya cikin goma na giram na gishirin radiyam. An ba ta kyautar Nobel sau biyu, a 1903 da 1911.

Akwai kuma wanda ya shiga ta ƙofar aikin hannu. Yusufu Asfidin magini ne a garin Lids na Ingila. Shi ya yi rajistar simintin da ya kira Fotlan a 1824, kuma har yau da wannan suna ake kiran simintin gini.

7. Abin da ake nema a gano

Mai labo ba ya tsayawa ga awon yau. Yana da tambayoyin da yake ɗauke da su shekara da shekaru. Ga huɗu da suka shafe mu.

Ta farko, hayaƙi. Mun ga kilo 100 na dutse yana sakin kilo 44 na iskar kabon, ban da ta makamashin da aka ƙona. Yin siminti yana ba da wajen kashi 7 zuwa 8 cikin ɗari na iskar kabon da ɗan Adam ke saki a duniya. Wannan iska tana ƙara zafin duniya, mu kuwa ƴan Sahel mun san zafi da fari. Masana a Suwizalan da Kuba da Indiya sun nuna ana iya rage kilinka, a maye gurbinta da yumɓun da aka gasa a wajen digiri 800 da garin farar ƙasa. Wane yumɓu na Adar ya dace da wannan? Sai an auna.

Ta biyu, gini mai sauƙin kuɗi. In aka haɗa jar ƙasa da siminti kaɗan, aka matse da inji, ana samun bulo mai jure ruwan sama, ɗakinsa kuma ya fi na bulon siminti sanyi. Amma kowace ƙasa da nata hali. Ta wannan gari tana son siminti kaɗan, ta wancan tana son fiye.

Ta uku, takin gona. Kusa da Tawa akwai dutsen fosfat, an kuma haƙa shi a shekarun 1970 da 1980. Ƙasar gonakinmu tana ƙarancin fosfat ƙwarai. Matsalar ita ce garin dutsen ba ya narkewa da sauri, saiwar gero ba ta samunsa a damina guda. Masu bincike, har da na cibiyar binciken noma ta INRAN, sun yi ta gwada hanyoyin da za su sa ya narke.

Ta huɗu, ruwan sha. A Tibiri kusa da Maraɗi, daga 1985 zuwa wajen 2000, mutane sun sha ruwan wata rijiyar burtsatse mai zurfi. Ruwan garau yake, ba wari, ba ɗaci. Amma yana ɗauke da sinadarin fuliyo fiye da kima. Hukumar lafiya ta duniya ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 a lita, na Tibiri kuwa ya ninka haka. Haƙoran yara suka yi ja, ƙafafun ɗaruruwansu suka lanƙwashe. Awo guda a kan lokaci ya isa ya nuna haɗarin. Wannan shi ya sa ƙasa take bukatar masu awo a kowace jiha.

8. In an tashi daga aiki

Kada ku ɗauka masu ilimin sinadarai ba su san komi ba sai kwalba da ma'auni. Dimitiri Mandaliyef, ɗan ƙasar Rasha, shi ya jera sinadaran asali cikin allo a 1869, lokacin 63 kawai aka sani. Ya bar gurabu a allon, ya ce akwai waɗanda ba a gano ba tukuna. A 1875 aka gano ɗaya daga cikinsu, galiyam, da hali kusan yadda ya faɗa. Wannan babban malami, in ya koma gida, akwatunan tafiya yake haɗawa da hannunsa.

Alfared Warna, malami a Zurik, ya sami kyautar Nobel a 1913 don ya bayyana yadda ƙarafa ke ɗaure wasu sinadarai kewaye da su. Shi kuwa yana son wasan dara irin ta Turawa da wasan karta. Mari Kuri da mijinta keke suke so. Da aka ɗaura masu aure a 1895, bisa kekuna suka yi yawon ƙauyukan Faransa.

Wasa hutu ne, amma yana koyar da wani abu. Mai dara yana koyon duban gaba kafin ya ɗora ɗa. Yarinya mai saƙar faifai tana koyon ƙidaya da tsari. Yaro mai ƙera mota da kara ko da waya yana koyon awo. Mai ɗan lambu a bayan gida yana koyon haƙuri, irin na mai jiran kwana 28. Wanda ke tsintar duwatsu masu siffar katantanwa yana jera su iri iri, ya riga ya fara aikin masani.

Mu tuna

Siminti haɗin dutsen farar ƙasa ne da yumɓu, a gasa a digiri 1450, a niƙa da jibsi.
Siminti ba bushewa yake yi ba, haɗuwa yake da ruwa ya yi tauri. Shi ya sa ake shayar da sabon bulo da sabon gini har kwana 7 ko fiye.
Mai labo yana auna, ya rubuta abin da ya gani, ko da ba shi ake so a ji ba.

Kalmomi

Dutsen farar ƙasa: da Faransanci calcaire.
Yumɓu: argile.
Jibsi: gypse.
Tanderu: four.
Samfur: ɗan abin da aka ɗebo don a auna, échantillon.
Ilimin sinadaran ma'adinai: chimie minérale.

Tambayoyi

1. Gida nawa al-Razi ya kasa abubuwa? Ku ba da misali biyu na kowane gida.
2. Me ya sa aka kafa ma'aikatar siminti a Malbaza?
3. Mene ne amfanin jibsi a cikin siminti?
4. Me zai faru in mai ɗebo samfur ya ɗebo daga gefe guda kawai?
5. Mece ce ma'anar lambar da ke jikin buhun siminti?
6. Me ya sa mutanen Tibiri ba su gane da ido cewa ruwansu yana da illa ba?
7. In kai ne shugaban labo, ko ke ce, lamba ba ta cika ba kuma motoci suna jira, me za a yi? Don me?

Lissafi

1. Buhun siminti kilo 50 ne. Buhu nawa ke cikin tan guda? Buhu nawa ke cikin tan dubu 40?
2. An gasa kilo 500 na tsantsar dutsen farar ƙasa. Kilo nawa na ƙonanniyar farar ƙasa za a samu? Kilo nawa na iska za su fita?
3. In jibsi kashi 4 ne cikin ɗari, kilo nawa ke cikin buhu guda?
4. Ku tara shekarun karatu daga ajin farko har zuwa digirin dokta.

Mu gwada

Ku kawo duwatsu iri iri daga bakin gulbi da gindin tudu. Ku wanke su, ku ba kowane lamba. Ku ɗiga ruwan lemun tsami bisa kowane ɗaya, ku duba da kyau, ku kasa kunne. Wanda ya yi ƙananan kumfa dutsen farar ƙasa ne, kumfan kuwa iskar kabon ce ke fita. Ku gwada kartar kowane dutse da farce, sannan da ƙusa. Ku zana allo a littafinku mai gida huɗu: lambar dutse, wurin da aka tsince shi, kumfa, tauri.

Tare da malam, ku buga ƙananan bulo biyu daga kwaɓi ɗaya. Ɗaya ku bar shi a rana. Ɗaya ku ajiye shi a inuwa, ku riƙa yayyafa masa ruwa safe da yamma har kwana 7. Bayan kwana 28 ku gwada wanda ya fi wuyar fasawa. Kada ku taɓa ɗanyen kwaɓi da hannu tsirara, don yana cin fata. In ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, a gaya wa malam.

Aikin gida

Ku tambayi wani magini na unguwarku yadda yake gane simintin da ya kwana a danshi, da bulo nawa yake fitarwa daga buhu guda. Ku rubuta amsarsa cikin layi goma, ku kawo aji ranar Litinin.